Yadda Ake Ratsa Hamadar Amurka da Mota Mai Ɗakin Kwana

A kudu maso yammacin Amurka, inda jihohin Nevada da Arizona da Kalifoniya suka haɗa iyaka, akwai hamada mai faɗi da ake kira Mojave, kudu da ita kuma ga Sonora. Da zarar sanyi ya kama arewacin ƙasar, dubban mutane kan gangaro nan cikin wasu motoci masu ɗauke da gado da murhu da firji da banɗaki, waɗanda suke kira RV. Mota ce, gida ne kuma. Inda rana ta faɗi maka nan ne unguwarku.

Daga nesa abin kamar ba shi da wuya, ka hau ka murza makulli ka nausa. Amma wanda ya taɓa jin labarin ayari ya san ba ƙarfin raƙumi kaɗai ke kai mutum Bilma ba, lissafin madugu ne: rijiya nawa ce a gaba, salka nawa ta rage, ina za a yada zango kafin duhu. Wannan tafiyar ma haka take. Abu uku za ka riƙa ƙirgawa kowace safiya, ruwa da mai da wurin kwana, kuma kusan duk bayanin da ke tafe a kansu yake.

Mataki na farko: zaɓi wata

Daga Nuwamba zuwa Maris ne lokacin. Rana da daɗi, dare da sanyi, wani lokaci har ruwa ya daskare a wurare masu tudu. Oktoba da Afrilu ma ba laifi. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa ina ba ka shawara ka haƙura. Kada ka ce ai ka saba da zafin Sakkwato ko na Maiduguri. A Furnace Creek, cikin Death Valley, wato Kwarin Mutuwa, an auna zafi digiri 56.7 a ranar 10 ga Yuli, 1913, kuma har yau a kowane bazara yakan haura 50. Ko jikinka ya jure, taya da inji ba lallai su jure ba. Kamfanonin haya da yawa ma kan hana shiga kwarin da motarsu a watannin zafi. A watannin ne kuma daminar Arizona ke saukowa da ambaliya da guguwar ƙura.

Mataki na biyu: motar da za ka ɗauka

Iri uku ne waɗanda ake tuƙawa kai tsaye. Ajin A kamar luksuriyas take, ta yi wa sabon shiga girma. Ajin B ƙaramar bas ce da aka gyara cikinta, tana isar mutum biyu, ba ta shan mai sosai, amma tankunanta ƙanana ne. Ajin C ita ce mai gado a saman kan direba, kuma ita na fi so wa iyali. Ka nemi wadda tsawonta bai wuce ƙafa 25 ba. Dalilin ba na kuɗi ba ne kawai: a Death Valley an hana abin hawan da ya wuce ƙafa 25 bin wasu hanyoyi masu kyan kallo, irin su Artists Drive da ƙarshen hawan Dantes View, sannan yawancin gurabun kwana a gandun gwamnati na Joshua Tree gajeru ne.

Manyan kamfanonin haya irin su Cruise America da El Monte RV suna da rassa a yankin Las Vegas. Akwai kuma Outdoorsy da RVshare, inda mai mota ke ba da tasa haya. Lasisin tuƙin ƙaramar mota ya isa ga ajin B da C. Wanda ya zo daga gida ya haɗa lasisinsa da na ƙasa da ƙasa, da fasfo, da katin banki da za a riƙe kuɗin ajiya a kansa. Hannun dama ake tuƙi, kamar a Najeriya da Nijar, saboda haka nan babu sabon karatu.

Kafin ka sa hannu, tambayi abu huɗu, kuma ka ga amsarsu a rubuce. Nawa ne kuɗin kowane mil, don sau da yawa daban yake da kuɗin kwana. Nawa ne awar janareto. Me inshora ta ɗauka, me ta bari, musamman rufi da tayoyi da gilashin gaba. Na huɗu shi ne mafi muhimmanci a wannan tafiya: shin an yarda ka sauka daga kwalta? Yarjejeniyoyi da yawa sun hana, kuma idan ka lalace a kan hanyar burji bayan an hana ka, kuɗin janwe da na gyara duk a wuyanka suke.

Ranar karɓar mota kada ka yi sauri. Sa ma'aikacin ya kunna komai a gabanka: murhu, firji, famfo, abin ɗuma ɗaki, janareto, na'urar da ke ƙara idan gas ya tsiyaya. Ɗauki hoton kowane ƙwarzane. Rubuta tsayin motar a takarda ka manna kusa da sitiyari, yawanci ƙafa 11 zuwa 12 ne, don rumfar gidan mai ko reshen itace ba sa yi wa wanda ya manta uzuri.

Mataki na uku: koyi tankunanka

Nan zan daɗe, domin nan ne sababbi suka fi shan wahala. Motar tana da tankin ruwa mai tsabta, da tankin ruwan wanka da wanke-wanke, da tankin banɗaki. Amurkawa na ce wa na biyu mai ruwan toka, na uku baƙi. A motar haya matsakaiciya na farko yakan ɗauki galan 30 zuwa 40, kusan lita 150 idan ya kai 40. Ka ji kamar da yawa. Mutum huɗu su yi wanka irin na gida sau ɗaya, su wanke kwanonin dare, gobe da hantsi famfo ya fara tari.

Ga yadda ake yi. Ruwan sha daban, a jarkoki, aƙalla galan ɗaya ga kowane mutum a kowace rana, wato kusan lita 4, sannan ka ƙara na kwana biyu da ba za a taɓa ba sai an shiga matsala. Ruwan tanki na wanka da wanke-wanke ne. Wanka kuwa a jiƙa jiki, a kashe famfo, a sa sabulu, a kunna a ɗauraye. Mu da muka tashi da bokiti da moɗa ba ma buƙatar a koya mana wannan. Goge kwano da takarda kafin ka sa masa ruwa.

Tafi da buta biyu, ɗaya ta banɗaki ɗaya ta alwala. Alwala da buta ba ta cin lita guda, amma a bakin famfo tana iya cin uku. Ka kuma sani cewa tsarki da ruwa yana cika tankin banɗaki da wuri fiye da yadda takardar kamfani ta ƙiyasta, don haka ka riƙa duba ma'auninsa kullum, ka tsara juyewa duk bayan kwana biyu ko uku.

Juyewar kanta ba abin ƙyama ba ce idan an bi tsari. A sansanoni da wasu gidajen mai akwai rami na musamman. Sa safar hannu. Ɗaura babban tiyo a bakin bututun motar ka tabbatar ya kama, sa ɗaya bakin cikin ramin ka danne shi da dutse ko da ƙafa. Buɗe bawul ɗin tankin banɗaki da farko, ka bari ya gama, ka rufe. Sannan ka buɗe na ruwan wanka, shi zai wanke tiyon. Ɗauraye, naɗe, sannan ka zuba ruwa kamar galan biyu da maganin wari a masai. Tiyon ruwan sha kada ya taɓa haɗuwa da wannan, ko a wurin ajiya. Idan ka sauka inda ake jona mota da magudana kai tsaye, bar bawul ɗin banɗaki a rufe har sai tankin ya kusa cika. In ka bar shi a buɗe ruwan zai zurare ya bar ƙazanta ta bushe a ciki, kuma fitar da ita aiki ne.

Sai wuta. Motar tana da batirin gida daban da na inji. Shi ke riƙe fitilu da famfo da fankar abin ɗuma ɗaki, kuma fankar nan tana iya shanye shi a dare ɗaya na sanyi. Bargo biyu ya fi maka. Na'urar sanyaya ɗaki ba ta aiki sai da janareto ko wutar sansani. Firjin da ke aiki da gas yana son mota ta tsaya daidai ba karkace ba, saboda haka ka nemi katakon sawa a ƙarƙashin taya. Kashe gas ɗin gaba ɗaya kafin ka shiga gidan mai.

Mataki na huɗu: zana hanya

Ga zagayen da nake ba wanda ke da kwana goma zuwa sha biyu. Ya kusa mil 900, da ratse-ratse ka ƙirga 1,000, kimanin kilomita 1,600. Ajin C na cin galan ɗaya a mil 8 zuwa 10, don haka ka yi kasafin galan 110 zuwa 120.

Ka tashi daga Las Vegas bayan ka yi cefane. Akwai masallatai da shagunan naman halal a garin, kuma bayan ka fita ba za ka sake ganin irinsu da sauƙi ba, don haka cika firiza. Daren farko yi shi a Valley of Fire, ƙasa da mil 60 arewa maso gabas, wurin jajayen duwatsu masu ɗauke da zanen mutanen da. Kusa ne, hanyar kwalta ce, idan wani abu a motar bai yi daidai ba komawa ba wuya. Daga nan ka biyo gefen tafkin Mead, ka leƙa madatsar ruwa ta Hoover da aka gama a 1936, ka kama babbar hanya mai lamba 95 zuwa kudu, ka wuce Searchlight, ka gangara ta 163 zuwa Laughlin a bakin kogin Kolorado.

Daga Laughlin ka tsallaka Arizona ka bi kogin zuwa Lake Havasu City, inda tsohuwar gadar Landan take. An sayo ta a 1968, aka kwance ta dutse-dutse aka sake ginawa a nan, aka buɗe a 1971. Sai Parker, sai Quartzsite.

A Quartzsite ka tsaya. Ƙaramin gari ne mai mutane dubu biyu da 'yan ɗari, amma a Janairu daji yakan cika da motocin kwana har iya ganinka, ana cin kasuwar duwatsu masu daraja da kayan mota. A maƙabartar garin akwai wani kabari da aka gina masa ƙaramar dala da raƙumin ƙarfe a sama. Na Haji Ali ne, wanda sojojin Amurka suka kasa faɗin sunansa suka mai da shi Hi Jolly. Daga ƙasar Daular Usmaniyya aka ɗauko shi a 1856 lokacin da rundunar sojan ƙasar ta gwada amfani da raƙuma a wannan hamada. Gwajin bai ɗore ba, shi kuwa ya zauna har ya rasu a 1902, aka gina dalar a 1935. Na tsaya a gabanta na yi masa addu'a, ina tunanin mutumin da ya san hamada tun daga wata nahiyar, ya zo ya ƙare kwanansa a wannan.

Daga nan ka kama babbar hanya ta 10 zuwa yamma, ka shiga Joshua Tree ta ƙofar kudu a Cottonwood, ka ratsa gandun ka fito Twentynine Palms. Sai Amboy a kan tsohuwar Route 66, wadda aka buɗe a 1926 daga Chicago zuwa Los Angeles aka kuma soke lambarta a 1985. Sai hanyar Kelbaker ta cikin gandun Mojave, ka ga tuddan rairayi na Kelso da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, ka ɓulla Baker. Daga Baker ka bi 127 ta Shoshone, ka juya 190 ka gangara Furnace Creek. Badwater, wuri mafi ƙasa a Arewacin Amurka, mita 86 ƙasa da doron teku, yana kudu da nan kaɗan. Komawa Las Vegas ta Pahrump ne.

Dokar mai guda ɗaya ce: da allura ta kai rabi, sha a gidan mai na farko da ka gani. Babu gidan mai a cikin Joshua Tree, babu a cikin gandun Mojave. Idan ka yanke daga Parker zuwa Twentynine Palms ta hanya mai lamba 62, akwai tsawon kusan mil 100 da ba komai. Mai ya fi araha a Arizona da Nevada, saboda haka cika tanki kafin ka tsallaka Kalifoniya.

Mataki na biyar: inda za ka kwana

Zango iri huɗu ne, kuma hikimar ita ce ka riƙa cuɗa su.

Akwai sansanonin 'yan kasuwa masu wuta da ruwa da magudana a kowane gurbi, da wurin wanki da wanka. Su ne mafi tsada. Ka shiga ɗaya duk bayan kwana uku ko huɗu, ka juye, ka cika, ka caja, ka yi wanki. Wutar motar haya yawanci mai ƙarfin amfiya 30 ce, ka faɗa musu haka lokacin kama wuri.

Akwai sansanonin gandun gwamnati, waɗanda suka fi kyau kuma suka fi sauƙin kuɗi, sai dai galibi ba wuta. Na tarayya ana kama su ta shafin intanet na Recreation.gov, kuma na lokacin sanyi kan ƙare watanni kafin ranar. A Joshua Tree, Black Rock da Cottonwood suna da ruwa da ramin juyewa, Jumbo Rocks kuwa ba ruwa ko ɗigo, sai duwatsu da taurari. A Death Valley idan Furnace Creek ya cika, Sunset da ke tsallaken titi babban fili ne da ba a cika rasa wuri ba. Kowane sansani yana da awannin da aka yarda a kunna janareto, ka kiyaye su. Tunda za ka shiga gandu fiye da ɗaya, katin shekara mai suna America the Beautiful ya fi riba. Dala 80 ne ga mazauna ƙasar, baƙi daga waje kuma an ƙara musu kuɗi tun farkon 2026.

Na uku shi ne daji kyauta, kuma shi ne zuciyar tafiyar. Hukumar kula da filayen tarayya, BLM, tana riƙe da eka kusan miliyan 245, yawanci a yammacin ƙasar, kuma a mafi yawansu an yarda ka kwana ba ko sisi har kwana 14 cikin 28, sannan ka matsa. A kewayen Quartzsite akwai filaye irin su Plomosa Road da Dome Rock da Scaddan Wash, ƙasarsu tsakuwa ce mai tauri, kusa da kwalta. Masu zaman watanni suna sayen izini a filin La Posa da ke kudu da garin, daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu. Amma ba kowane fili ne na BLM ba. Wani na ƙabilun asali ne da dokokinsu, kamar yankin Parker. Wani na jihar Arizona ne mai buƙatar izini. Wani na soja ne, kamar filin gwajin makamai na Yuma. Duba taswirar mallakar ƙasa tun kana da sabis.

Ka isa wurin da sauran rana, awa biyu kafin magariba. Tsaya a kan tauri, ka sauka ka taka da ƙafa har inda kake son ajiye motar. In ƙafarka na nutsewa, taya ma za ta nutse. Zaɓi inda wasu suka taɓa sauka, kada ka murƙushe sabon wuri, domin tsiron hamada yakan ɗauki shekaru kafin ya farfaɗo. Juya hancin motar ya kalli hanyar fita. Kada ka taɓa kwana a cikin busasshiyar ƙorama komai laushin yashinta da inuwar itatuwanta. Ana iya yin ruwa a kan dutse mai nisan da ba ka ko jin tsawa, cikin dare ya iso maka. Ba wa maƙwabci tazara mai yawa, don shiru ya kawo shi. Shararka ka tafi da ita, ruwan tanki kuma kada ka sake shi a ƙasa.

Na huɗu shi ne filin ajiye motoci na gidan caca, kuma sai na yi bayani a fili. Nevada ta halatta caca a 1931, sannan dokar tarayya ta 1988 ta tsara yadda ƙabilun asali za su buɗe nasu gidajen a ƙasarsu. Shi ya sa a tsakiyar ƙungurmin daji za ka hango wani dogon gini yana walƙiya. Laughlin kanta haka ta samu: Don Laughlin ya sayi wani ƙaramin masauki a bakin kogi a 1964, garin ya girma ya ɗauki sunansa. Wasu daga cikin gidajen suna da cikakken sansani mai wuta da ruwa, wasu kuma suna barin mai mota ya kwana a bayan fili kyauta ko da kuɗi kaɗan. Ba don Allah suke yi ba. Sun san daga cikin masu kwana, wasu za su shiga don cin abinci su fito aljihu wayam. An gina cikin ne yadda ba za ka kai ga gidan abinci ko banɗaki ba sai ka ratsa ta tsakiyar injinan, ba taga, ba agogo, ana kuma zagayawa da barasa.

Hukuncin caca ga Musulmi ba ɓoyayye ba ne, kuma ni ban ga dalilin da zai sa mutum ya kai kansa bakin rami don gwada ƙafarsa ba. Idan akwai wani zango, shi nake zaɓa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da kwana a harabar ba gaba ɗaya, ya bi zuciyarsa, a wannan zagayen ba daren da ya zama dole. Amma idan dare ya yi maka, ko iska ta tashi, ko gajiya ta kama ka, fili mai haske da masu gadi ya fi gefen titi aminci. In haka ta kama, ga ladabin wurin. Buga waya tukuna, don doka na canzawa, kuma wasu garuruwa sun hana kwana a fili ko da mai gidan ya yarda. Je ofishin tsaro ka yi rajista, su nuna maka inda za ka tsaya. Kada ka shimfiɗa rumfa, kada ka fito da kujeru ko murhu. Dare ɗaya, in ya yi yawa biyu. Wanda bai kai shekara 21 ba ba a yarda ya tsaya a zauren caca ba, don haka yara su zauna tare da kai a mota. Ku ci abincinku, ku yi sallarku a ciki, da asuba ku ɗaga.

Mataki na shida: ƙananan hanyoyi

Daɗin hamada yana kan hanyoyin da manyan motoci ba sa bi, amma motar da ke ɗauke da gida ba a-kori-kura ba ce. Gargada tana kwance kusoshi, ta buɗe ƙofar firji, ta fasa bututu. Idan yarjejeniyarka ta yarda da burji, tafi a hankali, kuma ka tsaya ga hanyar da aka share mai faɗi. Duk inda ba ka ga wurin juyawa a gaba ba, kada ka shiga.

Oatman misali ne. Tsohon garin haƙar zinariya ne a kan Route 66, jakuna na yawo a titinsa, jikokin waɗanda mahaƙa suka saki. Daga gefen kogi hawansa da sauƙi. Daga Oatman zuwa Kingman kuwa sai an bi ta Sitgreaves Pass, siririyar hanya mai kwana-kwana a bakin kwazazzabo, wadda aka hana motar da ta wuce ƙafa 40. Taka ba ta kai haka ba, amma a tafiyar farko ka hau ta gefen kogi ka dawo ta nan.

Kada ka miƙa wuyanka ga taswirar waya. Tana iya nuna maka hanyar da aka daina bi shekaru da dama a matsayin yanke. A Agustan 2009 wata mata da ɗanta suka bi irin wannan na'ura a kudancin Death Valley, motarsu ta kafe a yashi, aka same su bayan kwanaki yaron ya rasu. Sayi taswirar takarda, ka sauke ta waya tun a gari, ka tambayi ma'aikatan gandu halin hanya a ranar. Faɗa wa wani ɗan'uwa inda za ka da ranar da zai ji daga gare ka, da abin da zai yi in bai ji ba. Idan ka lalace inda ba sabis, zauna da motarka. Tana da inuwa da ruwa, kuma ita ake hangowa daga sama. Lambar gaggawa 911 ce.

A gangara mai tsawo rage giya, ka bar inji ya riƙe motar. Wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama zai ji ƙauri kafin ya kai ƙasa. A hawa kuma kashe na'urar sanyi ka sa ido a kan allurar zafi. Iska mai bugowa ta gefe tana tura irin wannan mota kamar kwali, in ta yi ƙarfi nemi wuri ka tsaya. Duba iskar tayoyi da safe kafin su yi zafi. A ribas ko da yaushe wani ya sauka ya duba maka.

Guguwar ƙura a Arizona habub suke ce mata, kalmar da suka aro daga Larabcin Sudan. Idan ta rufe ka, ka'idarsu ita ce ka fita daga kan kwalta gaba ɗaya, ka kashe duk fitilu, ka ja birkin hannu ka ɗage ƙafa daga na ƙasa, don kada na baya ya ga jan wuta ya zaci hanya ce ya biyo ka. Ruwa mai gudu a kan titi kuma ba a gwada shi. Jihar tana da doka da ke ɗora wa wanda ya kauce wa shinge ya shiga ambaliya kuɗin ceto shi.

Sauran ƙananan abubuwa

Alƙibla daga wannan yanki arewa maso gabas take, ta fi kusa da arewa, saɓanin gabas da muka saba. A lokacin sanyi agogon Arizona yana gaban na Nevada da Kalifoniya da awa ɗaya, kuma a bakin kogi waya kan yi ta tsalle tsakanin biyun, don haka ka duba rana da idonka kafin ka yarda da lokacin salla da ta nuna. A gidajen abincin Meziko, waɗanda suka cika yankin, tambayi ko an sa kitsen alade a wake da gurasar, don al'adar girkin ce.

Kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama, kada ka sa hannu a ƙarƙashin dutse, da dare kuma ka fita da tocila saboda maciji mai ƙararrawa a wutsiya. Akwai wata ƙaya mai suna cholla da ke maƙale wa duk abin da ya goge ta, da matsefi ake ɓamɓare ta ba da yatsa ba. A mashigar Kalifoniya akwai shingen duba kayan gona, za su iya tambayar 'ya'yan itatuwa da itacen wuta. A kudu, kusa da iyakar Meziko, akwai shingayen jami'an kan iyaka, saboda haka fasfo da takardun zama su kasance inda hannu zai kai.

Daren ƙarshe yi shi a sansani mai magudana a Pahrump ko Las Vegas. Da safe ka juye tankuna biyu ka ɗauraye, ka share cikin motar, ka kwashe firji, ka cika mai da gas gwargwadon yadda aka ba ka. Ɗauki hoton ma'aunin mil da na awar janareto kafin ka miƙa makulli, kuma kada ka bar harabar sai ma'aikacin ya zagaya motar tare da kai ya sa hannu cewa ya karɓe ta lafiya.